Baffa ya kawo mai tausa, Baba kuma yana kuka da kafaɗa

Assalamu alaikum Anti. Ni malamar firamare ce a Gusau, shekarata 26. Wata biyu da 'yan kwanaki ke nan da mahaifinmu ya yanke jiki ya faɗi bayan sallar asuba, aka ce shanyewar ɓarin jiki ce, hannunsa da ƙafarsa na hagu suka saki. Mun yi sati uku a asibiti, aka sallame mu da magunguna, aka ce mu riƙa kai shi gashi sau biyu a sati. Sau biyar muka je, kuɗin mota da wahalar ɗaukarsa suka fi ƙarfinmu. Sai Baffanmu ya kawo wani mai tausa daga ƙauye. Kullum da la'asar yakan ɗumama mai ya murje shi da ƙarfi, ya ja hannun har sai ya yi ƙara, wai jijiyoyi ne suka kwanta sai an tashe su. Baba mutum ne mai dauriya, amma yanzu har hawaye yake yi, da dare kuma kafaɗar tana hana shi barci. Baffa ya ce zafin alamar jijiya ta fara farfaɗowa ne, ya kuma ce a dakata da ƙwayoyin asibiti kada su ɓata aikin. Ni dai na lura idan na shafa masa ƙafa a hankali bayan isha'i yakan samu barci. Anti, tausa tana warkar da wannan ciwo? Kuma yaya zan yi da Baffa ba tare da an ce ba ni da kunya ba?

Wa alaikumus salam 'yata. Allah ya ba Baba lafiya, ya sa kaffara ne, ke kuma ya ba ki ladan jinya.

Kafin mu zo kan tausa, akwai magana ɗaya a wasiƙarki da ta hana ni sukuni, ita ce ta ƙwayoyin da aka ajiye. A koma ba shi su yau, kada a jira wayewar gari. Idan an yi kwanaki da dainawa, a kai shi ko da asibitin unguwa ne a auna jininsa, a nuna musu katinsa da kwalayen maganin, su faɗi yadda zai ci gaba. Mutumin da wannan ciwo ya taɓa kama shi sau ɗaya yana cikin haɗarin ya dawo masa, kuma na biyu ba ya cika yin sauƙin na farko. Wani babban bincike da Farfesa Mayowa Owolabi ya jagoranta a asibitocin Najeriya da Ghana, har da na Kano da Zariya, wanda aka fitar a 2018, ya duba masu wannan ciwo sama da 2,000, ya gano hawan jini ne babban tushensa a wajenmu, da nisa sosai a kan duk sauran dalilai. Hawan jini kuwa ba ya sallama kafin ya shigo. Baba zai iya jin garau alhali jinin yana can sama. Babu wani mai, babu wata tausa da ƙwayar hawan jini za ta ɓata wa aiki.

Yanzu ga tambayarki. Zan ba ki amsa a fili: tausa ba ta warkar da shanyewar ɓarin jiki, amma tana da amfani na gaske ga mai ciwon, kuma abin da kike yi bayan isha'i shi ne tausar da Baba yake bukata. Wadda ake yi da la'asar cutar da shi take yi.

Ciwon Baba ba a hannun yake ba. A ƙwaƙwalwa yake. Wata hanyar jini ce a ɓangaren dama na ƙwaƙwalwarsa ta toshe ko ta fashe, wurin da ya rasa jini ya lalace, kuma ɓangaren dama shi ke ba ɓarin hagu na jiki umarni. Naman hannun da jijiyoyinsa suna nan yadda Allah ya halicce su, saƙo ne ya daina isowa. Ki ɗauka taransifomar unguwa ce ta samu matsala. Ko za ki wuni kina goge ƙwan fitilar ɗakinki, wuta ba za ta kawo ba. Saboda haka maganar tashe jijiyar da ta kwanta ta hanyar murza da ja ba ta da tushe, ko da kuwa mai yin ta da zuciya ɗaya yake yi, kuma na yarda da zuciya ɗaya yake yi.

Zafin kafaɗar nan ina so ki fahimce shi da kyau, domin shi za ki yi wa Baffa bayani. Gaɓar kafaɗa ba ta da rami mai zurfi irin na ƙugu. Kan ƙashin dantse yana zaune ne a wani ɗan faifai marar zurfi, naman da ke kewaye da shi ne yake riƙe shi a mazauninsa. Idan naman ya saki, nauyin hannun kansa ya isa ya janyo ƙashin ƙasa. Ki zaunar da Baba, ki shafa saman kafaɗar hagu da ta dama ki gwada. Sau da yawa za ki ji ɗan gurbi a mai ciwon da yatsa zai iya shiga. Gaɓa irin wannan idan ƙato ya kama hannun ya fizga, sai tantanin da ke rufe da ita da igiyoyin naman su miƙe fiye da ƙima ko su tsage. Hawayen Baba na rauni ne sabo da ake ji masa kullum a kan na jiya. Abin da ya fi ba ni tsoro shi ne, mai ciwon kafaɗa yakan ƙi motsa hannun gaba ɗaya saboda tsoron zafi, gaɓar ta sanƙare, a ƙarshe a rasa hannun da ake neman cetowa.

Kuma ba mai tausa kaɗai ke jan hannun nan ba. A kusan kowane gida da ake jinyar irin wannan, idan za a tayar da marar lafiya hannunsa ake kamawa, ko a zura hannu ta hammatarsa a ɗaga. Ki tara 'yan gidanku ki nuna musu: a tallafo shi ta baya da ƙugu, a bar hannun hagu. Idan yana zaune, a ɗora hannun a kan matashi, kada ya yi ta reto a gefen kujera. Idan zai sa riga, hannun hagu ne zai fara shiga, idan zai tuɓe shi ne na ƙarshen fita. Rigar da take buɗe ta gaba ta fi masa sauƙi a yanzu fiye da jamfa mai matsattsen wuya.

To me tausa take yi in ba ta warkarwa? Tana yin abubuwa da yawa, kuma ban yarda da masu raina ta ba. Tana sassauta naman da ya ɗaure. Bayan 'yan makonni ɓarin da ya saki yakan koma ya ƙage, gwiwar hannu ta lanƙwashe, yatsu su dunƙule, shafa mai laushi a hankali tana sa su ɗan saki na wani lokaci, a samu damar miƙe su. Tana rage ciwo. Tana taimaka wa kumburin hannu da ƙafar da ba sa motsi, idan ana shafawa daga yatsu zuwa sama. Tana kwantar da hankali har bugun zuciya ya lafa, barci ya zo. A Hong Kong an taɓa gwada wannan a 2004 a kan tsofaffi 102 masu irin ciwon Baba. Wasu aka riƙa shafa musu baya a hankali na minti 10 kowane dare har kwana bakwai, wasu ba a yi musu ba. Waɗanda aka shafa suka samu sauƙin ciwon kafaɗa da fargaba fiye da sauran. Ki lura, shafa ce a hankali ta minti 10, babu murza, babu ja. Ko a ciwon baya na yau da kullum, ƙungiyar likitocin Amurka a shawarar da ta fitar a 2017 ta sa tausa da ɗumi cikin abubuwan da za a fara gwadawa kafin a kai ga ƙwayoyi. Sauƙin nata na ɗan lokaci ne, shi ya sa ake maimaitawa, amma wanda ciwo ya hana shi runtsawa ya san darajar dare ɗaya na barci.

Akwai kuma amfanin da ba a aunawa da na'ura. Magidancin da jiya shi ke fita nema, yau sai an kai shi bayi, zuciyarsa tana karaya fiye da yadda yake nunawa. Kusan ɗaya cikin uku na masu wannan ciwo sukan faɗa cikin matsananciyar damuwa. Duk taɓawar da ake masa ta zama ta aiki: a ɗaga shi, a juya shi, a wanke shi. Taɓawar da babu gaggawa a cikinta, ta 'yar da ta zauna a gefen ƙafarsa tana ba shi labarin yaran ajinta, tana faɗa masa cewa har yanzu shi Baba ne a gidan. Na yi jinyar goggona wata bakwai a kan wannan ciwo. Bakinta ya harɗe, ba ma gane abin da take faɗa, amma da na ɗauko kwalbar man kaɗanya sai ta miƙo mini ƙafar mai lafiya da kanta. Kuma mu ba baƙi ba ne ga shafa marar lafiya. Nana A'isha, Allah ya ƙara mata yarda, ta ba da labarin yadda take karanta Falaƙi da Nasi tana shafa jikin Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, da hannunsa mai albarka a rashin lafiyarsa ta ƙarshe. Ki haɗa naki da addu'a.

Ga yadda za ki yi. Ki yanke farcenki, ki cire zobe. Man kaɗanya ko man zaitun ko man kwakwa duk sun isa, ki murza shi a tafin hannunki ya ɗauki ɗumin jikinki, kada ki ɗora a wuta. Ki fara da ɓarin dama mai lafiya don ya san irin taɓawar da ke zuwa, sannan ki koma hagu. Da tafin hannu gaba ɗaya za ki shafa, ba da kan yatsu ba, daga tafin ƙafa zuwa gwiwa, daga yatsun hannu zuwa dantse, a hankali ƙwarai, kamar mai shafa wa jariri mai bayan wanka. Idan yatsunsa sun dunƙule, kada ki ɓanɓare su. Ki riƙe hannun cikin naki, ki fara buɗe babban yatsa a hankali, sauran sukan biyo baya. Ki wanke tafin hannun ki tsane shi sosai, don gumi yana taruwa a dunƙulallen hannu har fata ta yi ɗanye. Minti 10 zuwa 15 ya wadatar. Fuskarsa ce ma'auninki. Da kin ga ya yamutsa ta, ki sassauta. Baya da cinya kuwa ki koya wa yayanku ko ƙaninku namiji, shi Baba zai fi sakewa, kuma jinyar ba za ta taru a kanki ke kaɗai ba. Idan yana fama da taurin bayan gida, wanda ya zama ruwan dare ga mai yawan kwanciya, shafa ciki a hankali yana taimakawa: a fara daga ƙasan cibiya ta dama, a hau sama, a ƙetara zuwa hagu, a gangara, domin haka babban hanji yake tafiya. Kada a yi da ya gama cin abinci.

Akwai wuraren da hannu ba zai je ba, kuma a nan nake so ki fi mai da hankali. Kullum kafin ki fara, ki dubi sha-raɓarsa biyu. Idan ɗaya ta kumbura fiye da ɗayar, ta yi zafi, ko tana ciwo, kada kowa ya taɓa ta, a tafi asibiti a ranar. Ƙafar da ba ta motsi jini yakan daskare a cikin jijiyarta, tausa kuma tana iya ɓalle gudan jinin ya tafi huhu, wannan kuwa yana kashewa cikin ɗan lokaci. Kada a danna gefen wuyansa, nan ne manyan hanyoyin jinin da ke zuwa ƙwaƙwalwa suke, kuma kada a bari wani ya murɗa masa wuya don ya yi ƙara. Idan kin ga fata ta yi ja ko ta yi duhu a kan ƙashin ƙugu, ko ƙasan baya, ko diddige, wannan farkon gyambon kwanciya ne. Mutane sukan ce a murza wurin jini ya zagaya, amma murzawar ƙara lalata naman take yi. Maganinsa a ɗauke nauyi daga wurin, a riƙa juya shi duk bayan awa biyu. Sai batun ƙuna. Ɓarin da ya shanye sau da yawa ba ya jin zafi yadda ya kamata, sai mai ko ruwan gashi ya ƙona shi bai sani ba, musamman in yana da ciwon suga. Ki duba fatarsa yau ko man la'asar ɗin nan ya bar tabo. Kuma in cikin magungunansa akwai na tsinka jini, irin su asfirin, murza mai ƙarfi tana tara masa jini a ƙarƙashin fata.

Abin da zai dawo da hannun da ƙafar, gwargwadon abin da Allah ya nufa, shi ne Baba da kansa ya riƙa ƙoƙarin motsa su. Ƙwaƙwalwa tana da wata baiwa: sassan da suka tsira suna iya koyon aikin wanda ya lalace, amma sai an yi ta maimaita musu aikin, kamar yadda kike sa yaran aji ɗaya su rubuta harafi sau ɗari kafin hannunsu ya faɗa. Wannan koyon ya fi sauri a wata uku zuwa shida na farko. Yana ci gaba bayan haka, amma a hankali. Kun ci wata biyu, shi ya sa nake jin zafin kowane satin da ke wucewa yana kwance ana yi masa, shi ba ya yi. Ya sarƙe yatsun hannayensa biyu, na dama ya ɗauki na hagu zuwa gaba, iya inda babu zafi. Ya koyi juyawa a gado da kansa, ya koyi zama a bakin gado ƙafafunsa a ƙasa, ya tashi tsaye ya zauna da mutum a gefensa na hagu. Ki ajiye masa kofi ya yi ƙoƙarin tura shi da hannun hagu a kan tebur. Ku riƙa zama ta hagunsa idan kuna hira, don wasu masu ciwon ɓarin hagu sukan manta da wannan gefen kamar ba nasu ba. Kuma ku daure ku bar shi ya yi abin da zai iya ko da zai ɗauki lokaci. Tausayi yakan sa mu karɓe cokali daga hannun marar lafiya, mu hana shi darasin ranar.

Don haka ku koma gashi, ko da ba sau biyu a sati ba. Ku faɗa wa likitan fisiyo, wato mai yi masa gashin, gaskiya cewa kuɗin mota ne ya tsayar da ku. Ba ku ne na farko ba. Ku roƙe shi ya duba kafaɗar, ya koya wa mutum biyu daga gidanku atisayen da za a riƙa yi kullum, ki ɗauka a wayarki, ku riƙa komawa duk sati biyu ko uku a duba a ƙara sabo. Ki zauna ki lissafa abin da ake ba mai tausa a sati da kuɗin abincinsa, ki gwada da kuɗin Keke Napep zuwa asibiti sau ɗaya. Ina zaton lissafin zai ba ki ƙwarin gwiwa.

Saura Baffa. 'Yata, kada ki manta ɗan'uwansa ne kwance. Kafin ki san Baba a matsayin uba, shi ya san shi a matsayin abokin tashi. Lokacin da kuka gaza zuwa asibiti, shi ne ya tashi ya nemo abin da ya sani, wataƙila da kuɗin aljihunsa. Idan kika tare shi gaban mutane da cewa kuskure ya yi, zai kare kansa, Baba ne zai biya. Ki fara da Umma da babban yayanku ku zama baki ɗaya. In kuna da goggo da Baffa yake jin nauyinta, a sa ta a ciki. Sannan ki same shi shi kaɗai, ki durƙusa ki gaishe shi, ki yi masa godiya a kan tsayuwar da ya yi, ki ce: "Baffa, kafaɗar Baba ce take hana shi barci, muna so a duba ta a asibiti, kuma mun fi so a yi bayanin a gabanka, don kai ne babba." Ki bar likitan fisiyo ya ɗora yatsan Baffa a gurbin kafaɗar nan ya ji da kansa. Maganar da ba zai karɓa daga 'yar ɗan'uwansa ba zai karɓe ta daga can, kuma ya dawo gida a matsayin wanda ya kai ɗan'uwansa asibiti. Ki kuma tambayi Baba da kansa, a gaban Umma, ko yana son a ci gaba da jan hannun. Jikinsa ne, kuma ciwon bai ɗauke masa girmansa ba. Kalma ɗaya daga bakinsa ta fi goma daga naku.

Shi mai tausa ba sai an ci masa fuska ba. A faɗa masa likita ya hana jan hannu, da taɓa wuya, da mai mai zafi. In ya yarda ya koma shafa mai laushi, bismillah. In ya ce aikinsa ba ya yiwuwa sai da ja, a sallame shi da godiya da kuɗin motarsa. Amma ja ɗin ya tsaya daga gobe, kada a jira sai an shawo kan kowa. Yayanku zai iya cewa a ɗan huta wa hannun har a dawo daga asibiti, wannan ba rashin kunya ba ne a wajen kowa.

Ki rubuta alamomin nan ki liƙa a ƙofar ɗakinsa don duk mai kwana da shi ya gani: baki ya sake karkacewa, magana ta harɗe farat ɗaya, wani hannu ko ƙafa ya sake saki, ciwon kai mai tsanani, numfashi ya yi wuya ko ƙirji ya riƙe. Ko ɗaya aka gani, asibiti kai tsaye, ko da tsakar dare ne, kuma kada a ɗura masa ruwa ko rubutu a baki a wannan hali, don zai iya shaƙewa. A rage masa gishiri da magi da kanwa a miya. In hali ya yi, ku haɗa kuɗi ku sayi na'urar awon jini ta gida, ki riƙa rubuta abin da ta nuna safe da yamma a littafi, ku tafi da shi duk ranar ganin likita.

Ke ma ki kula da bayanki wajen ɗaga shi, ki durƙusa da gwiwa, kada ki sunkuya da ƙugu. Ranar da kika dawo daga makaranta a gajiye, ki miƙa wa ƙanwarki kwalbar man ta karɓe ki. Ki sake rubuto mini bayan an duba kafaɗar, ki faɗa mini abin da aka gani da yadda kuka ƙare da Baffa. Ki gaishe mini da Umma, ki yi wa Baba sannu.